Yadda Ake Haɗa Bikin Ranar Haihuwar 'Yan Gida Da Yawa A Ƙarshen Mako Ɗaya

Duk gidan da mutanensa suka kai 13, dole a samu biyu da aka haifa a wata ɗaya, domin watannin shekara 12 ne kacal. Masana lissafi sun wuce nan. Sun nuna cewa in mutum 23 suka taru, damar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100, in kuwa suka kai 57 ta kai kashi 99. Saboda haka idan ka duba danginku ka ga ranar Kaka da ta ƙaninka da ta 'yar yayarka duk sun cunkushe cikin mako uku, ba wani abin al'ajabi ba ne. Matsalar ita ce babu mai iya barin aiki da makaranta ya yi tafiya sau uku a wata guda. Ko dai a halarci na wani a bar na wani, a sayi ɓacin rai, ko a haƙura da duka a tura saƙon waya.

Mafita ita ce a dunƙule su a ƙarshen mako ɗaya, kowa ya zo, a kwana, a yi hira, a watse. Amma akwai tarko a ciki, kuma shi zan fi tsayawa a kai. Idan aka haɗa mutum huɗu a biki ɗaya, mai yawan magana da mai yawan shekaru sukan haɗiye sauran. Yaro ɗan shekara 7 ya koma gida yana tambayar mahaifiyarsa, "Mama, ni yaushe za a yi nawa?" alhali an yi. Duk shirin da ke ƙasa an gina shi ne don taro ya zama ɗaya, amma kowane mai biki ya samu lokacin da idon kowa ke kansa shi kaɗai.

Mataki na farko: a tara ranakun a wuri ɗaya

Mutum ɗaya ya ɗauki takarda ko ya buɗe shafi a waya, ya rubuta sunan kowa da rana da wata da shekarar haihuwarsa. Kada a dogara da ƙwaƙwalwa. Za ku sha mamakin yadda uba zai rantse cewa ɗansa na watan Maris ne, takardar asibiti ta ce Afrilu. Idan an gama, a zuba su a Google Calendar ko makamancinsa, a sa su riƙa maimaituwa duk shekara, sannan a raba wa kowa.

Mutum uku ne sukan ba da wahala a nan. Na farko wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu. Ranarsa tana zuwa ne sau ɗaya a shekara huɗu: ta zo a 2024, sai kuma 2028. Bikin haɗaka ya fi yi wa irinsa daɗi, domin ba ranar ake bi ba, lokacin ake bi. Na biyu wanda yake lissafi da kalandar Hijira. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka ranarsa tana ja da baya duk shekara. Bana yana rukunin masu watan Yuni, bayan shekara uku ya koma na Mayu. A tambaye shi da wacce yake so a lissafa shi, a tsaya a kanta. Na uku dattijo ko dattijuwar da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, ko aka cika musu 1 ga Janairu a takarda don kawai a cike gurbi. Kada a tsare su da tambaya. A ce, "Kaka, a wane taron kike so mu sa ki?" Wanda ta zaɓa, shi ne nata.

Daga nan a duba inda ranakun suka fi taruwa. Ina ba da shawarar kada masu biki su wuce biyar a taro ɗaya, kuma kada tazarar da ke tsakanin ainihin ranar mutum da ranar taro ta wuce mako shida. In sun fi haka yawa, a raba shekara gida biyu ko uku. Wannan shawara ta fi shafar yara. Babba zai iya jiran wata biyu, amma a wurin ɗan shekara 5 wata biyu zamani ne.

Mataki na biyu: tsayar da rana

Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara maganar mako takwas kafin lokacin, mako goma in akwai mai hawa jirgi. Wanda ke jagoranci ya fitar da ƙarshen mako uku, ba fiye ba, ya jefa su a zauren WhatsApp na gida ta hanyar ƙuri'ar da manhajar take da ita, ya ba da kwana uku. Kada ya tambayi jama'a, "Yaushe kuke da hali?" Wannan tambayar ba ta da ƙarshe. Za a yi mako biyu ana jan zare, a ƙare ba a tsayar da komai ba.

Kafin a fitar da ranakun a cire lokacin jarrabawar yara, da lokacin azumi ko manyan bukukuwan addini na mutanen gidan, da makon da wani ke da aikin dare ko aikin Asabar. A tuna kuma ƙarshen mako ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Saudiyya da Masar hutun Juma'a da Asabar ne, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ta koma Asabar da Lahadi tun Janairun 2022. In kuna da ɗan'uwa da ke aiki inda ake hutun Juma'a da Asabar, Asabar ce ranar da kuka haɗu a kai, a ɗora babban zama a kanta.

Ƙa'ida ɗaya ce ba a taɓawa: ranar da ɗaya daga cikin masu biki ba zai samu zuwa ba, ta faɗi, ko da kowa ya zaɓe ta. Sauran jama'a kuwa ba za a taɓa samun su duka ba. Da zarar an tsayar, an tsayar. In aka ɗaga rana saboda Kawu, gobe Goggo za ta nemi a ɗaga saboda ita, kuma tana da gaskiya.

Mataki na uku: wurin zama da wurin kwana

A ƙirga kawuna, a ƙirga shimfiɗu, a ƙirga banɗakuna. Na ƙarshen nan shi ake mantawa, kuma shi ke haddasa gunaguni da safe. In mutum sun haura takwas a banɗaki ɗaya, a tsara wanka: yara da daddare, manya da safe.

Gidan babban gida ya fi daɗi, amma a kula kada bikin Kaka ya zama wahalar Kaka. In a gidanta za a yi, wasu su riga kowa isa su share, su shimfiɗa, ita kuma a hana ta taɓa komai. In gidan haya za a kama na kwana biyu, a tambayi abu huɗu kafin a biya: ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake fita, akwai firji da murhu masu aiki, kuma an yarda da hayaniyar yara. Na taɓa ganin an kama wuri mai kyau a hoto, aka isa aka tarar firjin bai fi akwatin takalmi ba, kek uku suka kwana a kan tebur cikin zafi.

Tsofaffi da masu jarirai su samu ɗaki mai ƙofa, kusa da banɗaki, ba hawa bene. Samari da 'yammata za su iya kwana a katifun ƙasa, maza ɗakinsu, mata ɗakinsu. A rubuta rabon ɗakunan a tura tun kafin ranar, don kada a tsaya da jakunkuna a tsakar gida ana jin kunyar juna.

Mataki na huɗu: kuɗi

Maganar kuɗi ita ce mutane ke kauce wa, ita ce kuma ke raba zumunci bayan an watse. A yi ta da wuri, a yi ta a fili.

A lissafa abin da za a kashe a dunƙule: abinci, abin sha, kek, wurin kwana in akwai, kayan ado. A ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 saboda abin da ba a zata ba, domin sai ya zo. Sannan a raba ta kaso, ba ta gida ba. Babba kaso ɗaya, yaro rabin kaso, jariri babu. Misali gidaje huɗu masu manya 9 da yara 8 sun zama kaso 13. Gidan da ya zo da manya biyu da yara huɗu zai biya kaso 4, wanda ya zo shi kaɗai ya biya kaso 1. In aka ce kowane gida ya kawo daidai, gwauron da ya zo da jakarsa kawai zai yi shiru ya biya, amma ba zai sake zuwa ba.

Tsofaffin da ake yi dominsu ba sa biya. Ɗalibi ba ya biya. Wanda ake sane yana cikin matsi, jagora ya kira shi a keɓe ya ce, "Yaya, kai dai ka zo, ka riƙe mana yara da wasanni, an riga an rufe sauran." Wanda Allah ya hore wa kuma yana son ƙarawa, ya ƙara a asirce ta hannun mai ajiya, ba a zauren gida ba. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗin, ya ajiye rasit, bayan taro ya tura lissafi. Ba don ana zarginsa ba, don a samu mai yarda ya riƙe baɗi.

Mataki na biyar: rabon aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A rubuta ayyuka da suna a gaban kowanne: mai cefane, masu girkin kowane lokaci, masu wanke-wanke, mai kula da kek, mai hoto, mai kula da yara, mai ɗauko baƙi. "Kowa zai taimaka" yana nufin mata biyu za su wuni a kicin, su fito bayan an yanka kek. Na ga haka ba sau ɗaya ba. A raba girki ta gida-gida: gidan wane abincin daren Juma'a, gidan wance karin kumallon Asabar. Wanda ya yi girki ba ya wanke kwano. Kuma duk wanda ake bikinsa an ɗauke masa aiki ranar Asabar, ko da kuwa ita ce ta fi kowa iya girki a gidan.

Mataki na shida: kyauta

Ga lissafin da ke tsorata mutane: masu biki 5, masu bayarwa 12, kyauta 60 ke nan. Babu mai aljihun wannan, kuma rabin kayan za su ƙare a lungu. Hanya biyu ce mai sauƙi. Ko dai a haɗa kuɗi a saya wa kowane mai biki abu ɗaya mai amfani, ko a rubuta sunayen masu biki a jefa ƙuri'a, kowane gida ya ɗauki wanda zai saya wa. A tsayar da iyakar abin da za a kashe, kowa ya tsaya a kanta.

A tambayi iyayen yaro abin da yake buƙata kafin a saya. Ga yara biyu masu kusan shekaru ɗaya, kyautarsu ta zama kusan girma ɗaya a ido, domin yaro da girman kwali yake auna ƙauna. Dattawa kuwa galibi sun gaji da tara kaya. Abin da na ga yana sa su hawaye shi ne hoton jikoki duka a firam, ko littafin da kowane ɗan gida ya rubuta shafi ɗaya da hannunsa, har da zanen wanda bai iya rubutu ba tukuna.

Mataki na bakwai: kek da abinci

Mutane kan yi babban kek ɗaya a jera sunaye biyar a kai. Ban goyi bayan haka ba, musamman in akwai yara. Kowane mai biki ya samu nasa, ko da ƙarami ne kamar tafin hannu, da sunansa shi kaɗai. Sai a yi wani babba a faranti, marar suna, wanda za a yanka wa jama'a. Farantin gashi mai faɗin santimita 23 da tsawon 33 yana ba da yanka 20 zuwa 24. Kek na gida yakan gasu a zafin digiri 180 na ma'aunin Celsius cikin minti 30 zuwa 35, ana gane ya yi in an soka tsinke a tsakiya ya fito a bushe. A gasa ranar Juma'a, a bar shi ya huce sarai, a yi masa ado safiyar Asabar. In aka shafa kirim a kan kek mai ɗumi, narkewa zai yi ya zube.

Tun a zauren gida a tambaya: wa ke da ciwon sukari, wa ke da hawan jini, wa jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai ko madara ko alkama? Wannan ba tsirfa ba ce. Rashin jituwa da gyaɗa yana iya toshe wa mutum numfashi cikin mintuna. In akwai irinsa, abincinsa da cokalinsa daban, kuma maganinsa ya kasance inda kowa ya sani. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma. Yaran da ba su kai shekara 5 ba, kada a ba su gyaɗa ko makamanciyarta ƙwaya-ƙwaya, inabi kuma a tsaga shi ta tsawo kafin a miƙa musu.

Girkin taro na kwana biyu yana da haɗarin da girkin rana ɗaya ba shi da shi, wato ragowa. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A zuba ragowa a kwanoni marasa zurfi don ta yi saurin hucewa, a sa a firji. In za a ɗumama, a ɗumama har ta yi tururi ciki da waje, kuma sau ɗaya kawai. Dafaffiyar shinkafa ta fi kowane abinci yaudara: tana iya lalacewa ba wari ba canjin kala, don haka a gaggauta sanyaya ta, a cinye washegari. Babu abin da ke ɓata tunawa da taro kamar a ce rabin gida sun koma da ciwon ciki.

Babban girki ɗaya ya isa, na ranar Asabar. Sauran lokuta a yi mai sauƙi. Ruwan sha kuwa a tanadi aƙalla lita biyu ga kowane mutum a rana, a rubuta suna a jikin kofi, in ba haka ba za a wanke kofi ɗari kafin azahar.

Juma'a: isowa kawai

Kada a shirya komai a daren Juma'a. Mutane za su iso a gajiye, wasu da magariba, wasu tsakar dare. Abinci ya zama wanda zai jira mai zuwa a makare. A gaisa, a nuna wa kowa shimfiɗarsa, a kwantar da yara. Masu tuƙi mai nisa su riƙa tsayawa hutun minti 15 duk bayan awa biyu, kuma gara a iso da safiyar Asabar da a yi tuƙin dare cikin gyangyaɗi.

Abu ɗaya za a yi kafin barci: a manna takardar tsarin gobe a inda kowa zai gani, da lokutan abinci, da lokutan ibada, da lokacin kowane mai biki.

Asabar: kowa da lokacinsa

Nan ne zuciyar al'amarin. Kada a tara masu biki a layi a yi musu waƙa ɗaya a tashi. A warwatsa su cikin yini, kowa a ba shi minti 20 zuwa 30 nasa.

A fara da mafi ƙanƙanta, da hantsi, wajen ƙarfe 10 ko 11. A lokacin yaro ya yi barci ya ƙoshi, bai gaji ba, kuma ba zai iya jira har dare yana kallon kek ɗinsa ba. Yara masu shekara 3 zuwa 5 suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, masu 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. In aka ajiye bikin yaro sai ƙarfe tara na dare, kuka za a samu a hoto. A kira sunansa, a zaunar da shi a tsakiya, ya yanka nasa, ya buɗe kyautarsa, sannan ya zaɓi wasan da kowa zai yi, har da Kawu mai furfura. Wannan zaɓin ya fi kyautar daɗi a wurinsa.

Matasa sun fi wuyar sha'ani. 'Yar shekara 14 tana so a kula da ita, amma in aka tsayar da ita gaban jama'a ana tafi, sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A tambaye ta tun kafin ranar yadda take so. Wataƙila abin da take so shi ne ta zaɓi inda za a fita da yamma, ko a bar ta da 'yan'uwanta sa'anninta su yanka kek ɗinsu ba manya a kai. A ba ta. Kuma kada wani ya tashi ya ba da labarin ranar da ta yi fitsarin kwance don a yi dariya.

Bayan abincin rana a bar awa biyu babu komai. Tsofaffi su kishingiɗa, jarirai su yi barci, masu hira su yi hira. Masu shiri sukan ji tsoron wannan gurbin su cusa masa wasanni. Ku bar shi. A nan ne ƙanwa ke samun yayarta a kicin su yi maganar da suka shekara ba su yi ba.

Manya masu tsakiyar shekaru a yi nasu da la'asar. Su ne aka fi mantawa, domin su ne masu hidima, kuma su ne za su ce, "Ni ku bar nawa, ku yi na yara." Kada a saurare su. Uwar da ta yi shekara goma tana shirya wa kowa ta cancanci a zaunar da ita minti ashirin a kawo mata nata.

Babban gida shi ne na ƙarshe, bayan abincin dare, kowa na zaune. A nan nake so a yi abin da ya fi komai tsayawa a rai. A zagaya, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake tunawa game da shi ko ya koya a wurinsa, jimla biyu ko uku, daga ƙarami zuwa babba. A gargaɗi mai dogon jawabi tun da rana, kowane gida yana da shi. Sannan a juya, jikoki su yi tambaya: "Kaka, da kike kamar ni me kike wasa da shi?" "Baba, wane aiki ka fara yi?" Wani ya ajiye waya kusa ya naɗi muryar. Hoto kowa na da shi, muryar tsoho tana ba da labari ita ce ake nema daga baya a rasa. A rufe da addu'a ga dukkan masu biki, a ambaci sunan kowa.

In za a kunna kyandir a kan kek, babba ya kunna, a ɗaure wa yara mata gashi baya, a janye mayafi da labule, ashana ta koma aljihun babba nan take. Balan-balan kuma abin lura ne ga yaran da ba su kai shekara 8 ba: wanda ya fashe ko wanda ba a hura ba yana iya shaƙe yaro, a tsince gutsattsarin da zarar ya fashe. In wurin yana da tafkin wanka ko rijiya ko hanyar mota kusa, a sa babba ɗaya da suna ya tsare yara, a canje shi duk bayan awa. Inda manya goma suke zaune, kowa yakan ɗauka wani ne ke kallo.

Na nesa da wanda bai yarda ba

Wanda bai samu zuwa ba, a tsayar masa da lokacin kiran bidiyo, a lissafa bambancin agogo. Tsakanin Landan da New York awa biyar ce a mafi yawan shekara, don haka ƙarfe 8 na dare a Landan ƙarfe 3 na rana ne a New York. A jingine wayar a wuri ɗaya inda zai ga mai biki, kada a riƙa yawo da ita hannu zuwa hannu yana kallon rufin ɗaki. Minti goma sun isa.

Kusan kowane dangi kuma akwai wanda bai yarda da bikin ranar haihuwa ba, saboda fahimtarsa ta addini ko ra'ayinsa. Kada a mai da taron wurin muhawara, kada kuma a ƙi gayyatarsa. A ce masa, "Kawu, za mu taru a gaida Kaka, a ci abinci tare. Lokacin yanka kek in ka so ka zauna, in ka so ka ɗan zaga." Mafi yawansu za su zo don zumunci. In shi kansa yana cikin masu ranar kuma ya ce kada a yi masa, kada a yi masa ba-zata. A bar shi da addu'a.

Hoto

A ɗauki hoton kowa da kowa ranar Asabar kafin abincin rana, lokacin da kaya ke da tsabta kuma babu wanda ya tafi. A tsaya a inuwa, hasken rana yana gaban mutane ba bayansu ba. Sai kowane mai biki shi kaɗai, sai shi da iyayensa ko 'ya'yansa. WhatsApp yana rage ingancin hoto in aka tura shi kai tsaye, don haka wanda za a wanke a tura shi a matsayin fayil, ko a buɗe kundi ɗaya a Google Photos kowa ya zuba nasa. Kafin a sa hoton yaron wani ko matar wani a Facebook, a nemi izini.

Lahadi: tashi

Karin kumallo a makare, marar wahala. Daga nan kowa ya naɗe shimfiɗarsa, a yi shara tare, a fitar da bola. Mai masauki kada a bar shi da tulin kwanoni, in aka yi masa haka sau ɗaya, baɗi zai ce gidansa ana gyara. A raba ragowar abincin da ya kwana a firji, amma mai tafiyar da ta wuce awa biyu kada ya ɗauki dafaffe sai in yana da kula mai ƙanƙara. Mutum ɗaya ya zagaya ɗakuna ya duba ƙarƙashin gado da jikin soket, domin cajar waya da takalmin yaro ɗaya sai an manta da su.

Kafin mota ta farko ta tashi, a tsaya minti biyar a tsakar gida. Mai ajiya ya faɗi abin da aka kashe da abin da ya rage, a yanke ko a mayar ko a ajiye. A duba kalanda a ga su wane ne rukuni na gaba, a naɗa sabon jagora, ba wanda ya yi wannan karon ba. Masu nisa su kama hanya kafin azahar don yara su isa gida su yi barci kafin makarantar Litinin, kuma duk wanda ya sauka ya rubuta a zauren gida cewa ya isa lafiya. Ranar da ainihin ranar kowane mai biki ta zagayo, ko ta riga taron ko ta biyo bayansa, a kira shi a waya da safe.